Jana'izar Kwamfutar da Ba Ta Mutu Ba

Ranar Talata 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. A wannan rana babu kwamfutar da ta yi hayaƙi, babu wadda ta ƙi tashi. Wadda ta buga takarda ranar Litinin ta sake bugawa ranar Laraba, da saurinta na jiya. Abin da ya sauya yana can birnin Redmond na Amurka, inda aka zauna aka yanke cewa daga ranar ba za a ƙara aiko wa wannan babbar manhaja facin tsaro kyauta ba. Ga wanda bai san facin tsaro ba, abin mai sauƙi ne: kowace manhaja tana da ɓaraka, masu kutse suna nemanta dare da rana, kamfani kuma yana bi yana toshewa, galibi ranar Talata ta biyu a kowane wata. Idan aka daina toshewa, gidan yana nan tsaye, amma duk katangar da ta zube haka za ta zauna.

Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a koma Windows 11, kuma ya ce komawar kyauta ce. Kyauta ce ga wanda kwamfutarsa ta ci jarrabawa. Sharuɗɗan sun haɗa da ram gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64, waɗanda ba su da wahala. Masu wahalar biyu ne: wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma shekarun ƙwaƙwalwar kwamfutar. Idan ta Intel ce, sai ta kasance zubi na takwas ko sama, wato wanda ya fara fitowa a 2017. Idan ta AMD ce, sai daga Ryzen 2000 zuwa sama. Duk wadda ta gaza haka, saƙon da za ta gani shi ne ba ta cancanta ba, mai ita ya nemi sabuwa.

To yanzu a shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, a duba abin da ke jere a kan kanta. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460 da T470. Waɗannan su ne dokin ɗalibi, su ne jarin mai shagon buga takardu, su ne abin da ma'aikacin ƙaramar hukuma ya tara kuɗi ya saya. Dukansu zubi na shida ne ko na bakwai. Kwamfutoci ne da aka ƙera wa manyan ofisoshi, masu ƙarfin jiki, masu sauƙin kwancewa, waɗanda kayan gyaransu ke ko'ina. Da layi ɗaya a takardar sharuɗɗa aka mayar da su gawa. Ni kuwa na ce ba su mutu ba, kuma wanda ya ce sun mutu yana da abin sayarwa.

Bari mu yi wa Microsoft adalci tukuna, domin hujjarsu ba ta iska ba ce gaba ɗaya. TPM abu ne mai amfani. Yana ajiye makullan sirri a wurin da manhaja ba ta isa ta ɗauko su da sauƙi ba, ta yadda ɓarawon da ya sace kwamfuta ya ciro faifan ajiyarta ba zai iya karanta abin da ke ciki ba idan an kulle. Duk mai rubuta manhaja ya kuma san nauyin ɗawainiya da tsofaffin na'urori: kowane sabon abu da ka rubuta sai ka gwada shi a kan tarin kayan da wasu masu ƙera su ma sun rufe shago. Babu kamfanin da zai yi wannan har abada, kuma babu mai hankalin da ya nemi haka. Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, ta sami shekara goma cur. Ba a kan wannan nake jayayya ba. Jayayyata a kan inda aka ja layin ne, da yadda aka ja shi.

Da yawa daga kwamfutocin zubi na shida da na bakwai suna da TPM 2.0, ko dai a matsayin guntu na daban, ko a cikin ƙwaƙwalwar kanta, inda Intel ke kiransa PTT. Ke nan sun cika sharaɗin tsaron da ake ta yayatawa, amma duk da haka an kore su saboda shekaru. Wanda ya san cikin abin zai gaya maka cewa i5-8250U, wadda aka karɓa, da i5-7200U, wadda aka kora, ginin gida ɗaya ne: Intel da kanta ta sa wa ta farko sunan sabunta ta biyu, an dai ƙara mata cibiyoyin aiki daga biyu zuwa huɗu. Wane tsaro ne ya sauka a kan ɗaya ya tsallake ɗaya?

Ga wanda ya fi wannan. A watan Agusta na 2021, bayan an yi ta surutu, Microsoft ya ce ya sake nazari a kan zubi na bakwai, kuma ya ƙara 'yan ƙalilan a jerin waɗanda aka yarda da su. Cikin waɗanda suka tsira akwai i7-7820HQ. Me ya bambanta ta da 'yan uwanta? Ita ce ke cikin Surface Studio 2, kwamfutar da Microsoft da kansa yake sayarwa a lokacin a kan sama da dala dubu uku. Ruwa ba ya tsami banza. Dokar da ta lanƙwasa da ta zo kan kayan mai doka, ai ta gaya maka ko ita wace iri ce.

Sannan kada wani ya ɗauka facin ya ƙare ne, wato babu mai rubuta shi kuma. Ana nan ana rubutawa. Akwai wani nau'in Windows 10 da ake kira IoT Enterprise LTSC 2021, wanda ake sa wa na'urorin masana'antu da na asibiti da makamantansu, shi zai ci gaba da samun facin tsaro har zuwa Janairun 2032. Kamfanoni kuma za su iya sayen ƙarin wa'adi na shekara uku, dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara. Injiniyoyin suna kan kujerunsu, aikin yana gudana. Abin da aka yi shi ne an sa masa ƙofa da mai karɓar kuɗi.

Talaka ma an buɗe masa taga ta shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Ko ya biya dala 30, ko ya kawo maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a riƙa kwashe saitin kwamfutarsa zuwa rumbun kamfanin. Dala 30 a bakin Ba'amurke kuɗin abincin rana ne. A Najeriya, inda mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, ta haura rabin albashin wata. A ƙasashen Turai kuwa, da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye suka taso, kamfanin ya sassauta a watan Satumba na 2025, ya cire musu sharaɗin kwashe saitin, ya bar musu shekarar kyauta. Sun yi magana an ji su, saboda suna da doka a bayansu. Mu, da muka fi kowa dogaro da tsofaffin kwamfutoci, ban ji wata hukuma tamu ta ɗaga murya ba. Ko da yake wanda bai san an zauna ba, ina zai san an raba?

Masu nazarin kasuwa na Canalys sun yi ƙiyasi tun Disambar 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan mataki zai iya turawa juji. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran ina yake zuwa? Mutanen Accra sun san Agbogbloshie, inda samari, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Gana, suka shekara suna ƙona wayoyi don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙin, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021. Mutanen Legas sun san abin da ke fitowa daga kwantenoni a Alaba, rabi kaya rabi bola. Kamfanin da ke buga ƙirji da alƙawarin kare muhalli shi ne ya sa hannu a takardar da za ta ƙara wannan tudu.

Amma ba duka za su tafi juji kai tsaye ba, kuma nan ne maganar ta shigo gidanmu. Ofisoshin Ingila da Jamus da Amurka sun kwashe tsofaffin kwamfutocinsu, dillalai sun saye su a kan kuɗi kaɗan, an loda a jirgin ruwa. Za su iso mana da suna tokumbo, a goge su tas, a jera. Wannan a kan kansa ba sharri ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Sharrin yana wajen ɗan kasuwar da ya san dalilin da ya sa kayan suka yi masa araha, ya ɓoye, ya ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, ya nuna wa uban da ya zo saya wa 'yarsa mai shiga jami'a, ya ce, “Alhaji ka gani, har da sabuwar Windows a kai.” Wannan algus ne, ba shi da maraba da mai zuba ƙasa a buhun gero. Mai saye yana da haƙƙin sanin cewa abin da ke gabansa kamfanin da ya yi manhajar bai yarda da shi ba, domin ya yi ciniki a kan haka.

Gane zubin kuwa ba ya buƙatar digiri. Duba lambar da ke bayan i3 ko i5 ko i7. Idan lambobi huɗu ne kamar 6300U, na farkon shi ne zubin, wato na shida. 8350U na takwas ne. Idan ka ga 1135G7 ko 10210U, na sha ɗaya ne da na goma. Idan lambobi uku ne kacal, kamar 520M, wannan kakan kakanni ne, zubin farko. Kada “Core i7” da aka liƙa a jiki ta ruɗe ka. I7 ta 2012 ba ta kai i3 ta 2020 ba a yawancin ayyuka. Wanda kuma nasa ya kai zubi na takwas amma aka ce masa bai cancanta ba, sau da yawa TPM ɗin a kashe yake cikin saitin BIOS, kunnawa kawai za a yi. Kwamfutoci nawa aka sayar a wulaƙance saboda mai gyara bai leƙa nan ba?

Tun da na ambaci masu gyara, bari in tsaya a kansu, domin idan muka ƙare zagi a kan Redmond mun bar jaki muna dukan taiki. Akwai ƙwararru a cikinsu, waɗanda za su ɗaga guntun da bai kai ƙwayar gero ba su mayar, ina girmama su. Amma al'adar da ta zama ruwan dare ita ce “a yi mata fomatin”. Kwamfuta tana nauyi, fomatin. Ta ƙi ganin firinta, fomatin. A share komai, a ɗauko wani filas da ya shiga kwamfuta ɗari, a ɗora Windows da ba a san inda aka sauko da ita ba, a bi ta da manhajar fasa lasisi irin su KMSPico, a kashe mai gadin kwamfutar domin kada ya kama ta, a kashe sabuntawa domin kada ta ci data. Masu binciken tsaro sun sha kama kwafin waɗannan manhajojin fasa lasisi ɗauke da ɓarayin kalmar sirri. A kan wannan kwamfuta mutum zai shiga asusun bankinsa, ya shigar da lambar NIN da BVN na kwastomomi. Abin takaicin shi ne, yawancin kwamfutocin ofis da aka ƙera daga zamanin Windows 8 zuwa yau suna zuwa da lasisinsu na halal a binne cikin allon kwamfutar. Da an sauko da Windows ta gaskiya daga shafin kamfanin, an zaɓi nau'in da ya dace, da kanta za ta gane lasisinta. An bar halal a aljihu an je an sato.

Akwai kuma masu cewa, “Mu ina ruwanmu da facin tsaro, ga Windows 7 nan muna amfani da ita lafiya lau.” Gaskiya ne, an daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, kuma har yau tana nan a shaguna. Amma “lafiya lau” a bakin wanda ba shi da hanyar gane an shiga masa ba shaida ba ce. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata cuta mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, duk waɗanda ba su ɗora facin ba. Asibitocin gwamnati na Ingila sun soke dubban alƙawuran ganin likita. Ba sai mutum ya danna komai ba, kasancewa a kan layi ɗaya da mai cutar ya isa. Kuma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: Windows 10 da 11 sun yi tarayya a mafi yawan cikinsu. Duk watan da aka fitar da faci na 11, masu kutse za su warware shi su ga wace ɓaraka aka toshe, sannan su juya su same ta a buɗe a kan 10. Kowane faci na sabuwa taswira ce ta shiga tsohuwa. Saboda haka zama a kan Windows 10 babu faci, kwamfuta na hawa intanet, ba jarunta ba ce.

To a yi yaya? Hanyar bayan gida tana nan, kuma ba sata ba ce idan lasisinka na halal ne. Manhajar Rufus tana iya cire binciken TPM da na ƙwaƙwalwa lokacin shirya filas. Microsoft da kansa ya taɓa wallafa dabarar tsallake sharaɗin a shafinsa, kafin ya cire ta a farkon 2025, wanda wannan ma shaida ce cewa tsofaffin suna iya ɗauka. A kan zubi na shida da na bakwai Windows 11 tana tafiya sumul. Amma a shiga da ido biyu: kamfanin ya ce bai ɗauki alƙawarin aiko wa irin wannan kwamfuta faci ba, kowane babban sabuntawa na shekara sai an ɗora da hannu, kuma kowane ɗaya wata 24 yake yi kafin a sake shi. Sun riga sun nuna za su iya rufe ƙofa, domin sigar 24H2 ta ƙi tashi sam a kan ƙwaƙwalen zamanin Core 2 Duo. Zaman haya ne a gidan da mai shi ya riga ya ba ka takardar tashi.

Hanyar da nake goyon baya ita ce wadda masu gyara ba sa son ambata, saboda da yawansu ba su koye ta ba: Linux. Mai karanta wannan a waya ƙirar Tecno ko Infinix ko Samsung ya sani cewa tuni yana riƙe da ita a hannu, domin a kan zuciyar Linux aka gina Android. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yau kuma kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duka ita suke amfani da ita. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, sigarta ta 24.04 tana da facin tsaro kyauta har 2029. Linux Mint 22, wadda fuskarta ta fi kama da abin da mai Windows ya saba, ita ma haka. Babu lasisi, babu fasawa, babu mai tambayar shekarun ƙwaƙwalwarka. Ana iya sa ta a filas a tayar da kwamfuta da ita a gwada sauti da wayarles da firinta, ba tare da an taɓa komai a faifan ajiya ba. Har allon rubutu na Hausa tana da shi, mai ɓ da ɗ da ƙ, abin da marubutan wannan mujalla suka san daɗinsa. Idan aka haɗa da cire tsohon faifai mai juyawa aka sa SSD, aka kai ram gigabait 8, kwamfutar 2015 za ta ba mai ita mamaki. Yawancin nauyin da ake ɗora wa tsufa, laifin faifan nan ne.

Ba zan ɓoye inda take da rauni ba. CorelDRAW ba ya tafiya a kanta, kuma da shi ake zana katin biki da kalanda da fostar siyasa a kusan kowane shagon ɗab'i a Arewa. Photoshop da AutoCAD ma haka. Akwai Inkscape da GIMP, amma wanda ya shekara goma hannunsa na kan Corel, kuma mai injin bugawa fayil ɗin Corel yake karɓa, ba za a ce masa ya sauya ranar Litinin ba. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, sai dai wani lokaci tsarin shafi yakan goce. Wasu na'urorin ɗaukar zanen yatsa na rajista Windows kaɗai suka sani. Mai irin wannan sana'a ya bi ta Rufus, ko ya ware kwamfutar aikin ya raba ta da intanet. Amma mutum nawa ne wannan? Ɗalibi mai rubuta furojet, malami mai shirya jarrabawa, marubuciya mai buga littafinta, ɗan kasuwa mai lissafi, aikinsu bai wuce burauza da rubutu da kallo ba, kuma Chrome da Firefox da Zoom da VLC duk suna nan.

Abin da ya hana mu ba wahalar Linux ba ce, tarbiyya ce. Shekara da shekaru makarantun koyon kwamfuta suna ba da takardar shaida a kan Word da Excel da PowerPoint, suna kiran wannan ilimin kwamfuta. Yaro ya haddace inda maɓalli yake, bai san me maɓallin ke yi ba, ranar da aka matsar da shi sai ya tsaya cik. Mun horar da kwastomomin kamfani ɗaya da kuɗin iyayensu. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ba kuɗin lasisi ne ya gagare ta ba, ta sanar a 2024 cewa za ta kwashe kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, domin kada wani kamfani na waje ya riƙa yanke mata ranar da kayanta za su tsufa. Jandarmomin Faransa sun fi shekara goma a kan nasu nau'in Ubuntu. Birnin Munich ya gwada, ya ja da baya a 2017, wanda ke nuna abin yana son shiri da horar da ma'aikata, ba sanarwa kawai ba.

Mu kuwa ina iya hango yadda za ta kaya. Wata ma'aikata za ta rubuta takarda cewa kwamfutocin ɗakin karatu ɗari biyu sun tsufa, ga shaida daga Microsoft. A ware kuɗi, a ba da kwangila, a kawo sababbi rabin adadin, a tara tsofaffin a sito har ruwan sama ya gama da su. Kafin a sa hannu a wannan takarda, ina so shugaban makarantar ko kwamishinan ya sa a ɗauko guda goma daga cikinsu, a saya musu SSD, a kira ɗaliban sashen kimiyyar kwamfuta na shekarar ƙarshe, a ba su filas da mako guda. In sun kasa, a sa hannu.